Daga Wurogauri Zuwa Argungu: Hanyar Katin da Ke Ɗauke da Hoton Abinci

Wurogauri ɗaya ce daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Kalgo a Jihar Kebbi, kuma tana cikin ƙasar masarautar Gwandu, wadda fadar sarkinta take Birnin Kebbi, babban birnin jihar tun da aka cire ta daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Yankin na manoma ne da makiyaya, gero da dawa a tudu, shinkafa da albasa a fadama, saboda haka ba shi ne wurin da mai binciken sana'ar ɗab'i zai fara dosa ba. Sai dai wanda yake son ya san ko ƙaramar sana'ar zana katunan gaisuwa da kayan rubutu masu ɗauke da hoton abinci za ta iya riƙe mai ita a wannan ƙasa, ya fi masa amfani ya faro tafiyarsa daga irin wannan wuri, ya bi ta Kalgo ya shiga Birnin Kebbi, ya ratsa Gwandu da Aliero da Jega, sannan ya ƙare a Argungu, domin a kan wannan hanya ake noma abincin da za a zana, a kanta kuma mutanen da ake fatan su sayi katin suke zaune. Abin da ake nufi da kayan rubutu a nan shi ne littafin rubutu da ambulan da kalanda da takardar wasiƙa da sitika, wato ƙaramar takarda mai danƙo a baya wadda ake mannawa a jikin kaya.

Abu na farko da matafiyi zai lura da shi a ƙauyukan Kalgo shi ne, gaisuwa tana da hanyoyinta da suka girmi takarda, kuma mafi yawansu ta abinci suke bi. Idan azumi ya kama, yara ne suke yawo da kwanukan kunu da ƙosai tsakanin gidaje gab da shan ruwa. Ranar ƙaramar Sallah tuwo da miya suke fita zuwa gidajen surukai da maƙwabta. Da babbar Sallah kuma naman layya ne yake isar da saƙon da ba a buƙatar a rubuta shi. Gayyatar ɗaurin aure ko ta suna da goro ake yin ta, ko da alawa da dabino, a aiki yaro ko dattijo ya kai har ƙofar gida, ya faɗi rana da wuri da bakinsa. Hausawa suna cewa zumunci a ƙafa yake, kuma mutumin da ya aika wa kawunsa takarda mai hoton tuwo a madadin ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ba za a kira shi mai wayewa ba, za a ce ya raina manya. Wannan shi ne babban bambancin da ke tsakanin kasuwar nan da ta ƙasashen da sana'ar katin gaisuwa ta samo asali, kuma duk wanda bai fahimce shi ba zai zuba jarinsa a kan kayan da za su yi ƙura a kanta. Katin da ya samu karɓuwa a ƙasar Hausa shi ne wanda ya raka goro, kamar katin gayyata da ake haɗawa da ƙullin alawa, ko littafin rubutu da jaka da kalandar da ake rabawa a wurin biki don tunawa da ango da amarya. Wanda ya nemi ya maye gurbin goron bai taɓa yin kasuwa ba.

Akwai kuma wata tsohuwar alaƙa tsakanin takarda da abinci wadda mai zane ba zai so ya tuna da ita ba, amma ta shafi aikinsa kai tsaye. A tashar mota da bakin kasuwa, tsohuwar jarida da takardun jarrabawar da aka gama da su da fallayen kalandar bara su ne ake naɗe tsire da ƙosai da ƙuli-ƙuli a ciki, wato ƙarshen mafi yawan takardun da aka buga shi ne hannun mai suya, daga nan kuma sai juji. Wannan ne ya sa malamai da yawa suke hana a rubuta ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a kan katin gayyata, tunda babu wanda zai iya lamunce inda katin zai faɗa bayan biki. Haka nan akwai masu ƙyamar hoton abu mai rai a bangon ɗakin da ake salla. Waɗannan dalilai biyu, waɗanda a ido suke kama da cikas, su ne suka buɗe wa zanen abinci ƙofa, domin damin gero da ƙwaryar fura da kwandon albasa ba su da rai, ba su kuma da alfarmar da za a ji tsoron tozartawa irin ta nassi, ga shi kowane gida ya san su. Kifi da rago ne kawai suke iya jawo tambaya, su ma akan kauce mata ta hanyar zana homa da gora, ko tiren kilishi, a bar dabbar.

Daga ƙauye zuwa garin Kalgo tafiya ce ta babur ko ƙaramar mota, kuma a nan ne matafiyi zai fara ganin shagunan da ake kira bizines santa, wato ɗakunan da ke da kwamfuta da firinta da injin fotokwafi, inda ake buga takardun neman aiki da na makaranta. Abin da ya ƙara wa waɗannan shaguna rai shi ne Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, kuma mazauninta na dindindin yake kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Ɗalibai su ne kwastomomin farko na katin taya murnar kammala karatu da na zaɓen ƙungiyoyi, su ne kuma suke zama masu zanen, domin yanzu wayar hannu mai kyau ta isa a fara. Matasa da yawa da manhajar Canva suke farawa, wadda aka ƙaddamar a Ostireliya a 2013, mai ɗauke da shiryayyun fasali da mutum zai sauya wa suna da launi kawai, amma ma'aikatan ɗab'i a Nijeriya sun fi sabawa da CorelDRAW, saboda haka wanda ya kai aikin da ya yi a waya sau da yawa sai an sake tsara masa shi, a kuma caje shi kuɗin tsarawar. Matsalar da ta fi wannan ciwo ita ce ta haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutun boko tun shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939 kuma ta yaɗa su. Mafi yawan salon haruffa masu ado da masu zanen kati suke so ba su da su, sai kwamfuta ta saka wani ɗan akwati a gurbinsu, ko kuma mai aikin ya cire lanƙwasar gaba ɗaya, ƙosai ya rasa ƙugiyarsa, ɗaurin aure ya zama abin da ba a faɗa. Wannan sakaci ya yawaita har masu saye sun daina lura, amma shagon da ya kiyaye shi yana da abin da zai bambanta kansa da shi ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

A Birnin Kebbi ne lissafin sana'ar yake bayyana, kuma ya kamata a tsaya a kansa, domin a nan ne masu hannun zane da yawa suke karyewa. Hanyoyin bugawa biyu ne. Akwai bugun kai tsaye daga kwamfuta, wanda ake biyan kuɗinsa falle-falle, ko kati goma mutum yake so za a buga masa, amma kuɗin kowane falle ba ya sauka sosai komai yawan aikin. Akwai kuma bugun faranti, wanda ake kira ofset, inda ake raba hoton zuwa launuka huɗu, shuɗi da ja mai ratsin hoda da rawaya da baƙi, a yi wa kowane launi farantinsa na ƙarfe, sannan a ɗora su a kan inji, irin tsofaffin injinan Heidelberg na Jamus da suka cika maɗaba'un ƙasar nan, takarda ta bi ta ƙarƙashin kowanne har hoton ya haɗu. Kuɗin faranti da na saita inji ɗaya ne ko kati ɗari za a buga ko dubu biyar, don haka wannan hanya ba ta da riba sai aikin ya yi yawa. Mai ƙaramin jari yana tsakanin biyun: idan ya buga kaɗan, kowane kati ya yi tsadar da mai saye zai tsuke baki, idan ya buga da yawa don ya samu sauƙi, kuɗinsa ya kwanta a cikin kwali yana jiran ranar da ba ta da tabbas. Dabarar da ƙwararru suke yi ita ce su jera zane daban-daban a kan babban falle guda, tunda fallen da ake kira A3 yana fitar da kati huɗu masu girman A5 ko takwas masu girman A6, sai katin fura da na albasa da na kilishi da sitikar wata mai yaji su hau faranti ɗaya, a raba kuɗin a kansu, a yanka daga baya.

Takardar kanta ana auna kaurinta da nauyin giram a kowace murabba'in mita, ta fotokwafi tana tsakanin 70 da 80, ta kati kuwa daga 250 zuwa 300, kuma kusan dukkanta daga waje take zuwa, domin manyan masana'antun takarda uku da gwamnati ta gina a Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa. Takardar da ta sauka a tashar jirgin ruwan Legas sai ta bi ta hannun dillalai a Legas ko Kano ko Kaduna kafin ta iso Kebbi, kowa kuma ya ɗora nasa. Da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yunin 2023, sai farashin takarda da tawada da na man janareta suka tashi tare, har ya zama maɗaba'a ba ta yarda ta tsayar da farashi na tsawon lokaci. Wannan ne ya sa kafin alƙalami, wato kuɗin da ake bayarwa tun ba a fara aiki ba, ya zama sharaɗin da mai hankali ba ya sassautawa ko ga ɗan'uwa, duk da cewa a nan ne kunya take cin jari. Uban amarya yakan zo ya ce, "Malam, a fara dai, in Allah ya kai mu Juma'a za a cika," kuma katin da aka buga da sunan wata amarya ba ya sayuwa ga wata. Aikin ma ba kullum yake zuwa ba. Yana yawaita bayan kaka, lokacin da amfanin gona ya shiga kasuwa aka sa ranakun aure, da kuma makonnin da ke gaban azumi. Da damina kuwa kuɗin manomi yana wurin taki. A shekarar zaɓe fastocin 'yan siyasa suke cika injina, mai katin biki ɗari biyu sai ya bi layi.

Wanda ya duba katunan Barka da Sallah da ke rataye a shagunan birnin, ko waɗanda ke yawo a waya, zai ga wani abin da ya cancanci a yi masa tsokaci. Fitilar ado ta Masar ce, da farantin dabino a kan darduma irin ta Turkiyya, da kek mai hawa uku, da furen da ba ya tsirowa a fadamar Rima. Dalilin ba ƙin gida ba ne, rashin hoto ne: rumbunan hotuna na intanet da masu zane suke ɗiba cike suke da abincin wasu ƙasashe, amma wanda ya nemi hoto mai kyau na waina ko hoce ko alkaki da nakiya da dubulan ɗin da ake kai wa gara, zai sha wuya kafin ya samu. A wannan giɓi ne ƙaramin mai sana'a na Kebbi yake da abin da babban kamfani ba shi da shi, domin girkin yana gidansu. Sai dai ɗaukar hoton abincin Hausa yana da tasa wahalar. Fura da nono da tuwon shinkafa farare ne, a kan farar takarda sai su ɓace. Miyar kuka kuma, duk daɗinta, launinta ba ya yi wa ido kwarjini idan aka buga. Abin da yake ceton hoton shi ne mazubi, wato ƙwarya mai zane irin ta Fulani, da faifai mai launi, da akushi baƙi, da ludayi a gefe, a ɗauka da hasken safe a inuwa, ba da hasken fitila ba. Wasu kuma sukan bar kyamara su zana da hannu, su ɗauko layukan da masu zanen ƙwarya suke ƙonawa da wuƙa mai zafi su yi wa katin iyaka da su. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta kare irin wannan hoto da zane, amma a aikace duk zanen da ya yi kyau sai wani shago ya kwafe shi cikin mako, kuma babu mai ƙaramin jarin da zai kai ƙara kotu a kan kati. Kariyar da ta rage ita ce a riga kowa fitowa da sabo, a kuma sa lambar waya a inda ba a iya yanke ta ba tare da an ɓata hoton ba.

Hanyar gabas daga Birnin Kebbi, ta Ambursa inda filin jirgin saman jihar yake, tana kai matafiyi garin Gwandu, kuma ko da yake ba cibiyar ɗab'i ba ce a yau, babu inda tarihin takarda ya fi nauyi a jihar. A nan ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna yana kula da yammacin daular Usmaniyya bayan rasuwar Shehu a 1817, a nan kuma hubbarensa yake tun rasuwarsa a 1829, bayan ya bar littattafai da suka haɗa da tafsirinsa Diya'ut Tawili. Takardar da malaman wannan zamani suka yi rubutu a kai ita ma baƙuwa ce, da yawanta daga masana'antun arewacin Italiya, mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani idan an ɗaga ta a rana, wadda ayarin raƙuma suke kawowa ta Tarabulus da Sahara. Tawada ce ta gida, daga 'ya'yan bagaruwa da ƙaro, alƙalami kuma na kara. Ɗan yawon binciken nan na Jamus, Heinrich Barth, ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, a nan ya samu kwafin Tarikhus Sudan ya kwashi abin da ya iya daga ciki, kuma a bayanin tafiyarsa bai manta ya yaba girman albasar garin da kyanta ba. Abin da mai zanen kati zai ɗauka daga Gwandu shi ne zayyana, wato adon layuka da da'irori masu launin ja da rawaya da kore da mahaddata suke yi wa allon sauka da gefen Alƙur'ani rubutun hannu. Ido ya saba da ita, kuma katin walimar sauka da aka yi wa iyaka da irin wannan ado, aka sa tiren waina a tsakiya, ya fi kusa da zuciyar mai gayyata fiye da duk abin da aka sauko da shi daga intanet, muddin an bar nassin a kan allo.

Daga nan hanya tana gangarawa Aliero, garin da sunansa ya zama ɗaya da albasa a kasuwannin Nijeriya da maƙwabtanta, kuma mazaunin jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar tun 2006, sannan Jega, tsohuwar cibiyar fatauci tun ƙarni na 19, lokacin da fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suke yada zango a cikinta. A waɗannan kasuwanni ne matafiyi zai gane cewa hoton abincin da ake biyan kuɗinsa da gaske ba a kan katin gaisuwa yake ba, a jikin buhu da leda da gorar roba yake. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, aka kuma fara sayar da Lake Rice, shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi, a Disamban 2016, sannan kamfanin WACOT ya buɗe babban injin casar shinkafa a Argungu a 2017, manoma da 'yan kasuwa suka ga da idonsu cewa shinkafar da aka zuba a buhu mai suna da tambari ta fi wadda ake aunawa da tiya daraja, ko da gonarsu ɗaya. Darasin ya sauko har cikin gidaje. Matan da suke dakan yaji da garin kunu, da masu zoɓo da kunun aya da dambun nama, da masu kilishin da ake aikawa Abuja da Legas tsaraba, duk suna neman sitika mai sunan kaya da lambar waya, kuma bambancinsu da mai biki shi ne suna dawowa. Amarya sau ɗaya ake buga mata kati, amma Hajiya mai yaji duk wata sai sitikarta ta ƙare. Aikin yana da ƙa'ida, domin kayan abinci da aka ƙulle don sayarwa suna ƙarƙashin hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993, wadda take buƙatar a rubuta abubuwan da aka haɗa da ranar yi da ranar lalacewa da lambar rajista, kuma mai zanen da ya yarda ya ƙirƙiro wa kwastoma lambar bogi don sitika ta yi kwarjini ya sa kansa cikin laifin da ba nasa ba. Dole kuma ya san cewa gorar zoɓo cikin ƙanƙara take kwana, takardar da ba a lulluɓe ta da leda mai sheƙi ba za ta jiƙe ta saɓule, man kilishi kuma yana ratsa takarda ya ɓata launi.

Argungu, a arewa maso gabashin Birnin Kebbi kan hanyar Sakkwato, ita ce wuri guda a jihar da katin tsaraba irin na 'yan yawon buɗe ido yake da kasuwa ta zahiri. Bikin kamun kifinta ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin Kabawa da Sakkwato, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Dubban masunta da suke faɗawa ruwan Matan Fada da homa da gora, da giwan ruwan da ake ɗagawa a kan sikeli, da gidan tarihi na Kanta, duk abubuwa ne da baƙo zai so ya koma gida da hotonsu. Amma bikin kwanaki kaɗan ne, kuma ya taɓa tsayawa kusan shekara goma kafin a dawo da shi a Maris 2020, don haka wanda ya buga shekara a kan katinsa ya ɗaure wa kansa hannu. Yana da kyau a tuna cewa katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa, wanda Henry Cole ya sa John Callcott Horsley ya zana a Landan a 1843, hoton iyali ne a kan teburin cin abinci, gefensa kuma ana ciyar da mabuƙata, an buga kwafi 1,000 ana sayar da kowanne sule guda. Abin da ya share wa katin hanya shi ne tsarin aika wasiƙa mai arha da aka fara a Ingila a 1840, wanda ya sa kwabo ɗaya ya isa a kai wasiƙa ko'ina cikin ƙasar. Kebbi ba ta da wannan ginshiƙi. Wasiƙar gidan waya ta ja baya tun da wayar salula ta shigo a 2001, kayan ɗab'i kuma ta tashar mota suke tafiya, a ba direba kwali da lambar wayar mai karɓa, a biya shi, sauran kuma amana ce.

Gaisuwar nesa ta koma WhatsApp da Facebook, inda katin Juma'a da na Sallah suke yawo kyauta, ana tura su daga waya zuwa waya har sunan mai zanen ya ɓace. Duk da haka akwai masu biya, wato ɗan kasuwa ko ɗan siyasa ko makarantar da ke son kati mai sunanta da tambarinta, kuma irin wannan aiki ba ya cin takarda ko tawada, sai data da cajin waya. Inda bugu a takarda ya ci gaba da riƙe matsayinsa shi ne kalanda, wadda ƙungiyoyin manoman shinkafa da na albasa, da masu sayar da taki, da makarantun Islamiyya suke bugawa su raba, mai jera kwanakin Miladiyya da na Hijira gefe da gefe, kowane wata da hoton abin da ake girbewa ko ake ci a cikinsa. Kwanakin Hijirar da ke kanta ƙiyasi ne, domin farkon azumi da ranar Sallah sai an ga wata, fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato ta sanar, wani lokaci da dare sosai. Saboda haka masu zanen da suka san aikinsu ba sa buga kwanan wata a katin Sallah na takarda, na waya kuwa sukan shirya guda biyu, ɗaya idan azumi ya tsaya a 29, ɗaya idan ya cika 30, su jira sanarwa kafin su tura wa masu shi.